Allo a Tsaye, Idon Asibi a Ƙasa

Ku da kuka fito makarantar horon malamai jiya-jiya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar da kuka zo gaishe ni. Wai a cikin lissafi duka babu abin da ya kai jometiri sauƙin koyarwa, tunda zane ne, yaro yana gani da idonsa. Ban tanka ba a lokacin, don ana cikin shan fura ne, kuma ba na son in ɓata muku zama. Yanzu zan tanka. Yaro yana gani da idonsa, gaskiya ne, amma sai in idon yana inda zanen yake. Wannan abin da kuke ɗauka banza shi ne ya fi ba ni wuya a duk aikina.

Ni Arzika, mutumin ƙasar Tibiri ne. Da farko malamin ƙananan yara nake, ina koya musu baƙaƙe da ƙidaya a wata lakwal, wato makarantar firamare, ta ƙauye. Da muka samu 'yancin kai aka buɗe kwaleji a Dogon Dutsi, malamai suka yi ƙaranci, sai aka dubi cewa hannuna yana da kyau a lissafi, aka ce in tattara in zo. Na zo da akwatina ɗaya da girman kai mai yawa. Darektan wani mutumin Togo ne, Mushe Kwasi, dogo, siriri, kullum cikin farin wando mai guga. Ya daɗe a ƙasarmu har yana jin Hausa sarai, sai dai bai cika yin ta ba. A hannunsa na koyi sana'a.

Aikin farko da ya ba ni ba koyarwa ba ne, shafen allo ne. Allonmu na katako ne, kuma baƙin fentin da ake aiko mana ba ya kai rabin shekara. Sai a nemo tsofaffin baturan cocila, a fasa, a kwashe baƙin garin da ke ciki, a niƙa shi lukui, a kwaɓa da ƙaro da ruwa, a shafa da tsumma. A inuwa ake shanya shi, in ka sa a rana ya tsattsage. In ƙaro ya yi yawa allo ya yi santsi, alli ya dinga zamewa. In ya yi kaɗan, ka fito aji rigarka kamar ta mai sayar da gawayi. Sai da na ɓata riguna biyu kafin in gane ma'auninsa.

Sai kwampa, wato abin zana da'ira. Ba irin ƙaramin da kuke sawa a aljihu ba. Namu na itace ne, tsawon hannun mutum, ƙafa ɗaya ƙusa, ɗaya kuma bakin tagulla da ake cusa alli. Ranar da na fara riƙe shi gaban aji, na juya da ƙarfina, ƙusar ta zame, da'irata ta tashi daga nan ta ƙare can, bakinta bai haɗu ba. Yara suka danne dariya har wani ya shaƙe. Da aka tashi, Mushe Kwasi ya rufe ƙofa ya nuna mini: tafin hannun hagu ya danne ƙusa, juyi daga kafaɗa yake fitowa ba daga wuyan hannu ba, kuma in ka fara kada ka tsaya sai ka kai. Mahaɗin kwampan ya saki da tsufa, sai na kai wa wani baduku ya yanko ɗan guntun fata ya cusa a tsakani, ya riƙe gam. Ma'aunin kusurwa kuwa, wanda ya zo daga Faransa gara ta cinye shi a hutun damina. Wani kafinta Kirista na mishan, Daniyel, shi ya sassaƙa mana sabo, kuma ya fi na farkon daɗewa.

Mushe Kwasi ya koya mini wasu ƙananan abubuwa da ba a rubuta su a littafi. Ka karya alli biyu kafin ka fara, don dogo yana kuka a allo. Layin da kake so ya zauna, ka ɗan jiƙa bakin allin da miyau, in ya bushe zai fito fari fat. Kada ka shafe zane da tafin hannu, maiƙon jiki yana kashe allo. Duk na riƙe, har na zama gwanin zane, ina iya jan layi miƙaƙƙe ba tare da ma'auni ba. Na ɗauka sana'a ta ƙare a nan.

Yaranmu iri biyu ne. Akwai 'yan gari, 'ya'yan 'yan kasuwa da na ma'aikata, waɗanda suka tashi suna ganin hoto a jikin kwali da kalanda, bakinsu a buɗe, idonsu a tsaye. Akwai kuma 'yan ƙauye, daga Matankari, daga Sukukutane, daga wajen Lugu, waɗanda ake kawowa da buhun hatsi a kan jaki a danƙa wa wani dangi a gari. Su waɗannan in ka ce, «Kun gane?» sai su amsa gaba ɗaya, «Wi, Mushe,» wato «E, Malam.» Ko ka yi magana da Sinanci haka za su amsa. A gidajensu yaro ba ya ce wa babba ban gane ba, don kamar ya ce masa bai iya magana ba ne.

A cikinsu akwai Asibi. Daga wani ƙauye bayan Matankari aka kawo ta, tana zaune wajen gwaggonta mai tuyar ƙosai kusa da tasha. 'Yan mata a ajin ba su cika hannu ɗaya ba. Ita ce mafi natsuwa, kuma a lissafin kai babu mai kama ta. Kafin ka gama faɗin tambaya amsa tana bakinta, sai dai ba za ta fito ba sai ka kira sunanta. Ƙa'idojin jometiri kuwa ta haddace su tsaf, tana karanto su ba gargada. Amma ka ce ta zana abin da ta karanto, sai ka ga abin tausayi. Layuka suna nan, da'irori suna nan, duk an jera su kamar yadda suke a allo, sai dai babu wanda ya fito daga ɗan'uwansa. Da ido take kwaikwayo, ta ɗora wannan a kan wancan. Wata rana na tsaya a kanta na ce, «Asibi, me ya sa kika fara da wannan layin?» Ta ce a hankali, «Mushe, ni ba ni da kan zane.» Ba kuka ta yi ba, ba ƙorafi ba. Ta faɗa ne kamar mai faɗin ba ta da tsawo.

Ga kuma inda abin yake. Ta riga ta maimaita aji sau ɗaya saboda Faransancinta bai yi ƙarfi ba, kuma doka ba ta yarda a maimaita sau biyu ba. Lissafi shi ne mai nauyi a sakamako, jometiri kuma rabinsa ne. In ba ta tashi a zane ba a wannan shekarar, kora ce, ta koma ƙauye, karatu ya ƙare ke nan. Ni na sani, ita ma ta sani.

Shekarar ita ce wadda muke kira shekarar da alli ya jiƙe. Damina ta ja baya, ruwa ya yi ta zuba har bayan an koma makaranta. Motar da ta ɗauko mana kaya daga Yamai ta kafe a wani kwari, ruwa ya hau ta, kwalayen alli suka kwana a ciki. Da aka buɗe mana su, kunu muka tarar. Muka lallaɓa da guntayen bara, har muka kai ga riƙe alli da farce. Muka gwada farar ƙasa, ta kankare allo. Wani ya ba mu shawarar busasshen rogo, kuma gaskiya yana rubutu, sai dai in ka ajiye a bakin allo ka fita shan iska, ka dawo ka tarar yara sun cinye darasi. A kwampa kuwa rogo ba ya zama, kana juyawa yana marmashewa. Malamin Faransanci yana iya yin darasinsa da baki. Ni fa? Ba a zana da'ira da baki.

Sai na fitar da su waje. Akwai wani babban gawo a bayan aji, ƙarƙashinsa rairayi ne mai laushi. Na sa aka share, aka yayyafa ruwa, aka daddaɓe. Na sayi igiya a kasuwa, na fiƙe turaku biyu. A kafa ɗaya, a ɗaura igiya, a ja ɗayan a zagaya, da'ira ta fita, kamar yadda akuyar da aka ɗaure take cinye ciyawa kewaye da turkenta. Yara suka yi zobe suka tsuguna, ni ma na tattare riga na tsuguna a tsakiya. Ba don hikima na yi ba, kada ku ba ni girman da ba nawa ba. Rashin alli ne ya kai ni.

A rana ta biyu ma wata tsohuwa mai tallan kuka ta tsaya ta daɗe tana kallon layukan da nake ja a ƙasa. Ta ajiye ƙwaryarta ta matso ta ce, «Malam, in ka gama da yaran ga, a duba mani. Tunkiyata ta ɓace tun shekaranjiya.» Ta ɗauka bugun ƙasa nake. Na rantse mata ni ba mai duba ba ne, ta tafi tana cewa rowa ce kawai.

Darasin da ya buɗe mini ido shi ne na raba da'ira shida. In ka zana da'ira, ka ɗauki tsawon igiyar nan da ka zana ta da ita, ka dinga takawa da shi a gefen da'irar, sau shida zai kai ka daidai inda ka taso. Ina tsugune ina takawa ina bayani, na kai na huɗu, sai na ji wata murya ƙasa-ƙasa ta ce da Hausa, «Mushe, igiyar ta saki.» Na ɗaga kai. Asibi ce. Tunda ta shigo makarantar ba ta taɓa magana ba a tambaye ta ba, balle da Hausa, wadda aka hana a harabar makaranta. Shugaban aji har ya buɗe baki zai rubuta sunanta, na harare shi ya haɗiye. Na dubi igiya, wallahi ta saki, ƙullin ya zame. Na dubi yarinya. Kanta a sunkuye yake kamar kullum, idonta a ƙasa. Amma yau zanen ma a ƙasa yake.

Washegari na shiga aji da guntun rogo don in gwada abin da nake zato. Na juya baya ina zane a allo. Lokacin nan yara suna iya kallo, amma me za su gani? Bayana da babbar rigata sun rufe hannuna. Na gama, na matsa gefe, na juyo don in yi bayani. Ina juyowa, kawunan 'yan ƙauye suka sauka gaba ɗaya kamar iska ta kaɗa gero. 'Yan gari ne kawai suka zuba mini ido. Ina nuna kusurwa ina cewa ku dubi nan, ku dubi can, su kuwa suna duban takalmana. Sai na koma mazaunina sannan su ɗaga kai su kwafi zanen da ya riga ya ƙare, ba su san wane layi ya riga wane ba. Shi kuwa jometiri duk sirrinsa a nan yake, wane ne ya fara zuwa, wane ya biyo. Yaran da suka fi tarbiyya su ne suka fi faɗuwa, kuma kowannensu ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da kai. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi.

Na ce abu mai sauƙi ne, a ce su ɗaga kai. Na faɗa, na maimaita, har na yi tsawa. Maza suka ɗan gwada. Asibi takan ɗaga kamar mai leƙen rana, ta mayar. Sai na je wajen gwaggonta da yamma, na same ta bakin kasko. Muka gaisa, ta sa aka kawo mini tabarma.

Ta ce, «Mushe, lahiya dai? Mi tay yi?»

Na ce, «Ba ta yi komi ba, Inna. So nike ki ba ta izini ta riƙa dubana in ina magana cikin aji.»

Ta ajiye matsamin ƙosai ta dube ni sama da ƙasa. «Ta dube ka? Cikin ido?»

«Ba ni za ta duba ba, allo za ta duba. Ni dai ina tsaye kusa da shi.»

«To ai ɗaya ne. Ɗiyar ga ni nah hore ta tun tana ƙarama. Uwayenta sunka ba ni ita da kunyarta, haka za ni maida masu ita. Ka koya mata boko, mun yarda, shi ya sa munka kawo ta. Tsaurin ido kam, a bar ma ɗiyan gari.»

Na ce, «Inna, in ba ta duba ba korar ta za a yi.»

Ta ɗauki matsami ta juya ƙosai, mai yana ta ƙara a kasko. Sannan ta ce, «Kai ne malam. Ka nemo dabara.» Ta ƙulla mini ƙosai a ganye, ta ƙi karɓar komai.

A hanya na yi ta faɗa ni kaɗai, amma kafin in kai gida na san tsohuwar ba ta yi laifi ba. Ba za ka rushe tarbiyyar gida cikin wata uku ba, kuma ba aikinka ba ne. Abin da ke hannunka shi ne inda kake tsayawa. Daga ranar na canza aikina. A waje, ina tsugune, su ja igiya da kansu, kowa ya zana, kowa ya shafe ya sake. Rairayi yana da wani alheri da takarda ba ta da shi: kuskure ba ya barin tabo. Yaron da ke tsoron ɓata littafinsa ba ya tsoron ɓata ƙasa. A cikin aji kuma, bayan da sabon alli ya iso tsakiyar shekara, na daina bayani daga gaba. In sa yaro ɗaya a allo, ni in koma can bayan aji in jingina da bango, in dinga faɗin abin da zai yi. Murya tana zuwa daga baya, gaba babu babba, sai ɗan'uwansu da zane. Kawuna suka tashi da kansu. Mushe Kwasi ya leƙo wata rana ya gan ni a baya, ya tambaye ni ko ƙafa ke mini ciwo. Na yi masa bayani, ya ce, «Hm,» ya wuce.

Asibi ta fara tashi. Ba tashin farat ɗaya ba, kada ku zaci labarin almara nake ba ku. Wata rana ta yi daidai, wata rana tsohon halin kwaikwayo ya dawo. Amma a ƙarƙashin gawo ta zama ita ce mai riƙe turke, har ƙawayenta suna tambayarta. Na taɓa jin tana ce wa wata, «Ba haka ba, wanga layi shina jiran wancan.» Abin da ya rage mata shi ne allo. In na kira ta gaban aji, ga ido a bayanta, sai hannunta ya mutu. Kuma in na ce, ko da wasa, «Anya?» nan take za ta sa tsumma ta shafe aikin da yake daidai.

Ƙarshen shekara ya zo, aka zauna taron malamai. Sakamakonta na zangon ƙarshe ya yi kyau, amma na farkon shekara ya ja ta ƙasa, jimilla ta gaza da ɗan kaɗan. Mushe Kwasi ya karanta sunanta ya ce kora. Ba mugu ba ne, doka ce a gabansa, kuma akwai yara da yawa a ƙauyuka suna jiran bencin. Sai dai dokar ta bar wa darekta ikon tsallakar da yaron da ya gaza kaɗan, in ya gamsu da shi. Na ce a ba ta dama, a gwada ta. Ya ce, «Arzika, yarinyar da ba ta yarda da hannunta ba, ajin gaba zai karya ta. Gara ta tafi yanzu.» Na ce ya gani da idonsa tukuna. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce a kira ta da safe.

Ta zo da wankakken zanenta, ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe mu. Mushe Kwasi ya ja layi ɗaya a allo, ya ce ta nemo tsakiyarsa da kwampa kawai, ba da ma'auni ba. Aikin da ta yi ya fi a ƙirga a ƙarƙashin gawo. Ta ɗauki kwampa, ta kafa ƙusa, ga mu biyu a tsaye kusa da ita. Ta juya, ƙusa ta zame, alli ya karye ya faɗi. Ta tsaya, kwampa a hannu, kai a ƙasa, ba ta ko motsi. Mushe Kwasi ya dube ni, irin duban nan na ka gani ko.

Na ce, «Mushe, a fita waje.»

Ya ce, «Jarrabawar gwamnati ba a rairayi ake yin ta ba.»

Na ce, «Ba a allo ake yin ta ba kuma. Takarda a kwance take a kan tebur, kamar ƙasa.»

Ya ɗan yi tunani, ya ɗauki hularsa, muka fita. Ya ja layi da sandarsa a ƙarƙashin gawo. Na miƙa mata igiya da turaku na ja da baya. Ta tsuguna. Nan da nan sai ga wata yarinya daban. Ta kafa turke a wannan bakin layi ta ja baka sama da ƙasa, ta cire ta kafa a wancan bakin ta ja, bakunan suka gitta juna wuri biyu. Ta miƙe igiya tsakanin mahaɗan, ta danna ta a rairayi, inda ta yanke layin ta sa ɗan dutse. Tsaf, babu ko layi ɗaya na banza. Na ji sanyi a raina, na ce an gama.

Mushe Kwasi ya zagaya zanen a hankali, hannu a baya. Sai ya sa bakin takalminsa gefen dutsen, kamar faɗin tafin hannu, ya ce, «Ba daidai ba ne. Tsakiya tana nan.»

Ya san daidai ne, makaho ma ya sani. Ba zanen yake gwadawa ba, ita yake gwadawa, kuma ya taɓa ta daidai inda ba ta da ƙarfi. In na yi tari ma na ɓata mata. Na kafe idona a kan reshen gawo.

Ta ce, «To, Mushe.» Hannunta ya tafi zai shafe. Na ga tafin ya sauka har ya taɓa rairayi a gefen layi, ya tsaya a nan. Ta dubi dutsenta, ta dubi takalminsa, ta sake duban dutsen. Darekta ne, babba ne, baƙo ne a ƙasarmu, sa'an ubanta. Duk abin da aka koya mata tun tana goye yana ce mata ta shafe.

Sai ta janye hannun. Ta ɗauki igiya ta shimfiɗa daga bakin layi zuwa dutsen, ta ƙulla ƙulli a wurin. Ta naɗe ta, ta gyara durƙusonta, ta miƙa masa da hannu biyu kamar mai miƙa ruwan sha, kanta a sunkuye. Sannan ta ce:

«Mushe, a yi mani gahwara. Ba ni nac ce ba, igiya ta ce. A auna wancan gehen a gani.»

Mushe Kwasi ya karɓa. Mutumin da ban taɓa ganin ƙura a wandonsa ba ya sa gwiwa biyu a rairayi. Ya kafa bakin igiya a ɗaya ƙarshen layin, ya ja ta a hankali har ta miƙe, ƙullin ya sauka a kan dutsen daidai. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tashi, bai ko kakkaɓe gwiwarsa ba, ya mayar mata da igiyar, shi ma da hannu biyu. Da Hausa ya yi mata magana, karo na farko da na ji ya yi ta da ɗalibi.

Ya ce, «Asibi, ki gaida gida. Bayan damina ki dawo, bencinki yana nan.»